Wasan da Ya Ƙi Fitowa

Ta fara ganinsa ne a wani ɗaki da ke saman shagon masu gyaran firji, inda ake hawa ta matakalar ƙarfe mai rawa. Masu ƙera wani wasan kwamfuta ne suka sa sanarwa cewa duk mai buga gwajin wasansu ya zo ya faɗi abin da ya gani. Kowa ya zo da yabo, ita kaɗai ta zo da ƙorafi.

"Wa ya yi kogin?" ta tambaya.

Wani dogo ya ɗago daga bayan kwamfuta, tabarau a karkace. "Ni ne. Lafiya?"

"In ka yi baya da kwalekwale kusa da gada, sai ya nutse cikin ƙasa. Fasinjojina suna can ƙarƙashin gonar mutane tun jiya."

Mai zane, abokin aikinsa ɗaya tak, ya fashe da dariya. Dogo bai yi ba. Ya jawo mata kujera ya ce, "Nuna min."

Daga ranar ya sa mata suna Mai Ido.

Wasan ba na harbe-harbe ba ne. Mutum ne da kwalekwalensa, yana ƙetarar da jama'a, yana gina tasha da lambu a bakin ruwa sannu a hankali. Shekaru ke nan su biyun suna fama da shi. Gwajin kawai aka saki. Cikakken wasan, sau biyu aka sa masa rana, sau biyu aka ɗaga. Duk da haka 'yan wasa ba su watse ba, domin kowane ƙarshen mako Dogo kan rubuta musu a zaurensu na intanet abin da ya gyaru, da abin da ya lalace, da wanda ya lalata shi. Ana cewa mutanen yanzu ba su da haƙuri. Ban yarda ba. Suna iya jira har su yi furfura. Abin da ba sa iyawa shi ne jiran da ba a ce musu komai.

Ita ma'aikaciya ce a ɗakin gwajin jini. Ta fara wasan lokacin da take jinyar mahaifiyarta, a kujerar roba ta gefen gado. Tsohuwar ce ke nuna allo da yatsa tana cewa, "Dasa bishiya nan, kusa da ruwa." Bayan rasuwarta, Mai Ido ba ta ƙara taɓa ko ganye ɗaya a lambun ba. Takan buɗe shi ne kawai ta duba.

Saƙonninsu sun fara da ƙorafi, suka zarce.

"Mai Ido, na gyara gadar. Fasinjojinki sun fito, suna gaisuwa."

"Sannu da aiki. Ka ci abinci, ko kwamfutar ce ta ci maka?"

"Na ci. Amma tun da kika tafi ɗakin nan ya yi shiru, har mai zane ya lura."

"Mai zane ya yi zanensa. Kai kuma ka gyara tabaranka, nawan."

Mahaifinta tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa ne, wanda har yau yake saita agogon falo kowace safiya. Da Dogo ya zo da maganar aurenta, ya saurare shi da kyau, sannan ya ce, "Wato wasa ne aikinka."

"Eh, Baba."

"Kuma sau biyu ka sa rana ka saɓa."

"Haka ne."

"Akwai ɗan abokina, akanta. Shi ma yana so. Bai taɓa makara ko wajen suna ba." Ya juya agogon hannunsa. "Ka sa rana ta uku. In abin nan ya fito a ranar, turo manyanka. In bai fito ba, kar ka ƙara hawa barandata."

Akantan mutumin kirki ne, kada a zalunce shi. Yakan zo a kan lokaci, ya zauna, ya tafi a kan lokaci. Mai Ido ta ce wa yayarta, "Yaya, ni fa in yana magana sai in ji kamar ana karanta min takardar magani."

Dogo ya sa rana, ya sanar. Zaure ya cika da murna. Aiki ya tafi daidai har ranar ta matso, sai ya gano wani abu. Sabon wasan, in ya ɗauki tsofaffin ajiya, wato tashoshi da lambunan da mutane suka gina tun farkon gwaji, yakan yi ta cin su kaɗan-kaɗan. Bayan 'yan watanni mutum zai buɗe ya tarar da ruwa da ƙasa zalla.

"Mutum nawa ne?" in ji mai zane.

"Na farko-farko. Waɗanda suka fi daɗewa da mu. Har da ita."

"To, ka kwafe nata ka ɓoye. Mu saki a ranar, a ɗaura maka aure, mu gyara daga baya. Wa zai sani kafin lokacin?"

"Ni."

"Kai dai wallahi za ka mutu tuzuru saboda bishiyoyin ƙarya!"

Dogo ya zauna ya rubuta wa zaure, kamar yadda ya saba: "Ba za mu saki a ranar da muka ce ba. Laifina ne. In muka saki, lambunan da kuka daɗe kuna ginawa za su goge. Ban san yaushe za mu gama gyara ba, don haka ba zan sa wata rana ba." Ya danna ya aika.

Nan ne ya yi kuskurensa. Shekaru ya yi yana gaya wa 'yan wasa gaskiya kafin kowa, har hannunsa ya saba. Sai da saƙon ya tafi ya tuna akwai wadda ta fi su haƙƙin ji.

Ta gani a wurin aiki, tsakanin kwalaben jini, lokaci ɗaya da dubban baƙin da ke zauren. Ta kira shi.

"A zaure zan ji an fasa aurena? Ni ce ta nawa a layin?"

"Mai Ido, ki yafe min. Ban yi tunani ba."

"Ka yi tunani. Tunanin kowa ka yi ban da nawa."

Ta daina amsa kiransa. A zaure wasu suka zage shi suka fita. Da yawa suka tsaya. Wani ya rubuta, "Mun ji haushi. Ka gyara, muna nan." Ta karanta wannan ma, ta buɗe lambun mahaifiyarta, ta daɗe tana kallo. Ta san abin da ya tsare mata. Hakan bai rage mata zafin ba, kuma ban ga dalilin da zai sa ya rage ba.

Ranar da aka sa ta zo. Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa, ita ta buɗe. Ya rame, rigarsa ba guga.

"Wajen Baba na zo," ya ce. "Amma wannan karon ke zan fara gaya wa. Zan ce masa na kasa. Ba zan roƙe shi ya canza sharaɗi ba. In kin ce in juya, na juya."

Ta dube shi. Idonta ya ciko. "Shiga. Kuma ka gyara tabaranka."

Baba yana kujerarsa. Ya ji bayani har ƙarshe bai katse ba.

"Da ka saki, yaushe abin zai bayyana?"

"Bayan wasu watanni."

"Bayan biki ke nan."

"Eh, Baba."

"Yanzu yaushe za ka gama?"

"Ban sani ba."

Tsohon ya dubi agogon falo.

"Na yi shekara da shekaru a tasha," ya ce. "Jirgi ya sha makara. Fasinja kan yi tsaki, ya shimfiɗa tabarma, ya jira. Ranar da aka farfasa mana tagogi, jirgin ko tasowa bai yi ba, wani yarona na tasha yana ta ce wa fasinjoji ga shi nan a hanya." Ya dubi 'yarsa da ke bakin ƙofa. "Auta, kin ji bai san ranar ba. Za ki iya?"

"In ni zai riƙa fara gaya wa, Baba, zan iya."

"Ka ji?"

"Na ji, Baba."

"Har yanzu ban ga aiki a cikin aikin nan naka ba. Amma turo manyanka."

An ɗaura aure wasan bai fito ba. Akanta ya zo, ya yi musu fatan alheri, ya koma. Da za a tafi da amarya, Baba ya kama hannunta ya sa cikin na Dogo.

"Ga ta nan. Ita kaɗai ta rage min a gida. Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa albarka a abin da za ku gina, komai jinkirinsa."

Suka ce amin, su biyun tare.