Mai Saukowa Bene da Baya

Ranar da Auta ta fara ganinsa, ta ɗauka wani abu ne ya koro shi. Ƙarfe tara na safe ya iso kemis ɗin da take aiki, dogo, siriri, taɓo tun daga takalmi har gwiwa, ga busasshiyar ciyawa maƙale a sumarsa. Ya tsaya bakin ƙofa ya ƙi ƙarasowa, yana jin nauyin tayil ɗin da aka goge.

"Malam, lafiya? Wa ya biyo ka?"

"Ba kowa," ya ce yana haki. "Don Allah filasta, da man shafawa, da maganin nan." Ya miƙo takardar asibiti a cikin leda.

Ta duba takardar, ta dube shi. "Kai ne mai ciwon sukarin?"

"Ummata ce."

"Filastar fa?"

"Ta yatsun ƙafata ce."

"Man shafawar?"

Ya sosa ƙeya. "Wannan kuma, Likita, a bar shi a rufe."

Ta so ta gaya masa ita ba likita ba ce, magani kawai take sayarwa, amma dariya ta riga ta. Daga ranar ta zama Likita a bakinsa. Shi kuwa Dogo kowa ke ce masa, ita ma ta bi sahu.

Aikin wayarin gidaje yake yi. Shi ke zaune da Ummarsa, shi ke yi mata girki, shi ke kai ta asibiti. A kan wannan duka kuma ya ɗora wa kansa tseren da saura wata biyar a yi shi, kilomita arba'in da biyu, ba a kan kwalta ba, a cikin daji, a hau duwatsu a tsallake rafi.

"To me za a ba ka?" ta tambaye shi wata rana.

"Idan na gama, a rataya min ɗan ƙarfe a wuya."

"Idan ka zo na ɗaya fa?"

"Ni? Ko na ɗari na zo ai na gode Allah."

Ta juya maganar nan ta kowace fuska, ba ta ga kanta ba. Amma fa tana son sa. Wannan kam ba ta yi wa kanta ƙarya ba, don duk ranar Juma'a da la'asar, idan ya tsaya bakin kemis cikin wankakkiyar riga yana jiran ta tashi, sai ta riƙa ba mutane magani tana kallon agogo.

Juma'ar ce kaɗai take ganinsa. Sauran ranakun sai saƙo.

"Likita tawa, barka da asuba. Na hau dutse, na ga garin duka a ƙasa, na nemi rufin kemis ɗinku har na yi tuntuɓe. Kada ki damu, dutsen ne ya ji ciwo."

"Dogo na, Allah ya shirye ka. Ka ci abinci kuwa?"

"Na ci ayaba biyu. Yanzu zan auna sukarin Umma in wuce aiki. Gobe da yamma ɗaga ƙarfe."

Da ta gaji ta tambaye shi yadda yake raba kansa, sai ya turo mata hoton wata takarda da ke manne a jikin firij ɗinsu. Litinin, ɗaga ƙarfe. Talata, gudu. Laraba, ɗaga ƙarfe. Alhamis, Umma asibiti, gudu kaɗan. Asabar, dogon gudu. Lahadi, wanki da cefane. Ta bi layin nan sau uku da yatsa tana neman kanta. A gidan Juma'a kalma ɗaya ce tak: hutu. Ta kife wayar a kan teburin kemis.

Gidan su Auta a hawa na uku yake. Babanta tsohon direban jirgin ƙasa ne, mutum mai son komai a kan lokacinsa, kuma tun da aka yi masa aiki a gwiwa wata biyu da suka wuce bai sake taka ƙasa ba. Hawa ba ya ba shi wahala kamar sauka. Wannan zaman ya sa ya zama mai saurin fushi, kowa a gidan lallaɓa shi yake yi. Da Mama ta kai masa maganar Dogo, ya ce a turo shi Asabar ƙarfe huɗu.

Da wani saurayin ne, da ya ɗage gudun. Dogo kuwa sai ya ga dabara ita ce ya yi sammako, ya gama kilomita talatin ɗinsa da wuri, don yammacin ya zama na Baba shi kaɗai. Ya zo a kan lokaci, ya gaida Baba cikin ladabi, aka nuna masa kushin mai laushi. Baba ya fara ba shi labarin yadda ake tsayar da jirgi a gangare. Bai kai tsakiya ba ya ji wani sauti. Dogo ne, kai a jingine, baki a ɗan buɗe.

Auta na leƙe ta labule, ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Da ya farka ya yi ta ba da haƙuri. Amma na baya ya fi. Da zai tafi, Baba ya dogara sanda ya rako shi bakin ƙofa, sai ya ga Dogo ya juya wa matakala baya, ya kama ƙarfen gefe, ya fara sauka da baya, taki ɗaya ɗaya.

"Kai yaro, mene ne haka?"

"Baba, cinyoyina ne suka ƙage. In na sauka ta gaba kamar ana sara ni. Ta baya ya fi sauƙi, gwiwa ba ta ɗaukar nauyi sosai."

Baba ya rufe ƙofa ya juyo.

"Auta, wannan ne? Mutumin da ke gudu ba a kore shi ba, ya yi barci ana magana, ya sauka bene da baya? A ina zai ajiye ki? A aljihun gajeren wandon gudu?"

Ita ma tambayar ke ci mata rai.

Sati bai zagayo ba sai ga ɗan abokin Baba, ma'aikacin ofis mai mota da turare. Shi kam lokaci ba ya yi masa kaɗan. Yakan zo Litinin, ya zo Laraba, bayan ta tashi daga aiki, ya zauna awa uku yana bayanin yadda ake kula da fentin mota. Duk abin da ta ce tana nema a wurin namiji ga shi zaune a falo, ita kuma tana haɗiye hamma. Kanta ya ƙara ɗaurewa. Wanda ke da lokacinta ba ta son zamansa, wanda take so kuma bai ko rubuta ta a takarda ba.

Ranar Alhamis ta kasa daurewa.

"Dogo, tambaya ɗaya. A takardarka, ni ce ranar hutu?"

Amsa ta zo nan take. "E mana, Likita tawa. Ai ita ce babba."

Ta karanta, ta sake karantawa. Wato ma bai musa ba. Ita ce inda ake zuwa a miƙe ƙafa idan an gama abubuwa masu muhimmanci. Ta rubuta masa, "To ka huta da kyau. Kada ka zo gobe." Daga nan ta daina ɗaga wayarsa.

Saƙonni suka yi ta shigowa. "Likita, me na yi?" "Na tambayi Umma, ta ce in tambaye ki." "Wallahi na karanta saƙona sau ashirin ban ga laifin ba." Ta yi kuka, ta yi tsaki, wani lokacin ta yi dariya ba ta so ba. Haka aka kwashe sati biyu.

Wata Laraba aka ɗauke wuta a kemis, mai shagon ya sallame su da wuri. Tana shiga gidansu ta ji murya daga saman matakala.

"Ƙafa mai ciwon ita za ta fara sauka, Baba. Yauwa. Kama ƙarfen. Ina bayanka."

Ta ɗaga kai. Baba ne a hawa na biyu, ya juya baya, yana saukowa a hankali, gumi na tsatstsafo masa. Taki biyu a ƙasansa Dogo ne, hannuwa a buɗe. Ta tsaya riƙe da jaka, ta rasa wanda za ta fara tambaya.

Baba ya waiwayo ya gan ta, ya haɗe rai. "Me kike kallo? Ba ki taɓa ganin mutum na sauka ba?"

A falo Mama ta warware mata. Dogo ya zo ba Baba haƙuri ne a kan barcin, a ranar da ya san tana wurin aiki. Ya tarar da Baba a bakin matakala shi kaɗai, yana gwada saukar da ya yi wa dariya. Daga nan kullum Litinin da Laraba yake zuwa, ya sa Baba ya tashi daga kujera ya zauna sau goma, ya ɗaga masa ƙafa, su gwada bene. Likitan gwiwar ma da aka gaya masa ya ce su ci gaba.

"Shi kuma mai motar," in ji Mama, "sau nawa ya zo gidan nan? Ko sandar Babanku bai taɓa miƙa masa ba."

Auta ta dubi Dogo. "Ɗaga ƙarfen naka fa?"

"Na koma yin sa a gida da jarkokin ruwa, kafin Umma ta tashi. Kocin da ke horar da ni ya yi faɗa, amma ya haƙura."

"Ni dai har yanzu ban gane ka ba."

"Ni ma ban gane laifina ba, Likita. Don Allah ki nuna min shi."

Ta ce masa ba ta ga sunanta a takardarsa ba. Ya laluba aljihu ya ciro takardar, wadda ya cire daga jikin firij tun ranar da ta daina ɗaga wayarsa, har ta yi laushi don ninki. Da ta karɓa sai ta ga abin da hoto bai nuna ba. Duk gidajen da fensir aka rubuta su, an goge an sake har takardar ta kusa hujewa. Gidan Juma'a ne kaɗai da biro, ba ko ɗigon gyara.

"Koci ya ce komai ana iya matsar da shi ban da ranar hutu," ya ce. "A ranar jiki ke gyara abin da aka ɓarnata. Sauran kwanakin ragargaza kaina nake yi, Juma'a nake dawowa mutum. Shi ya sa na ba ki ita."

"To me ya hana ka rubuta sunana?"

Ya sunkuyar da kai. "Umma na karanta takardar duk lokacin da ta buɗe firij. Kunya na ji."

Mama ta toshe baki da mayafi ta shige kicin. Auta ta ji zuciyarta ta yi sanyi, amma ba ta sake shi haka nan ba.

"Dogo, aure ba Juma'a kaɗai ba ne."

Ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya zaro guntun fensir da abin gogewa daga aljihun riga ya ɗora mata a tafin hannu.

"Ni na iya gudu, ban iya wannan ba. Ki goge duk abin da kika ga dama."

Ta riƙe fensirin a kan gidan Asabar, inda dogon gudu yake. Ta ga ya haɗiye miyau. Sai ta bar shi ba ta goge ba, ta rubuta sunanta a ƙasan kowace rana da ƙananan haruffa, har Asabar ɗin.

"Asabar kuma me za ki yi?"

"Zan jira ka a gindin dutse da filasta."

Baba, da kowa ya ɗauka gyangyaɗi yake, ya yi gyaran murya. "Ka ce wa manyanka su zo. Amma ranar kada ka yi gudu."

Dogo ya gama tserensa, na ɗari da arba'in da wani abu, ya rasa farce biyu. Auta na bakin layin ƙarshe tare da Umma, wadda ta riga ta san komai tun ranar da takardar ta koma jikin firij. Bayan sati uku aka ɗaura aure.

Da safen ranar ya turo saƙo. "Amarya tawa, yau takarda ba ta ce komai ba. Me zan yi?"

"Ka zo kawai, angona. Da tafiya."

Maƙwabta sun cika harabar gidan lokacin da Baba ya fito cikin fararen kaya, ba sanda. Ya juya baya, ya kama ƙarfe, ya sauko hawa uku da ƙafarsa, angon na bayansa hannuwa a buɗe. Ba wanda ya yi dariya sai Mama. Da ya taka ƙasa ya kama hannun Dogo, ya kira Auta ta matso.

"Na tambaya a ina zai ajiye ki, na ga wurin. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, ya ba ku ƙafafun da za su kai ku tsufa tare."

Aka amsa da amin. Auta ta share hawaye da gefen mayafi. Har yau ba ta gane abin da ke sa mutum ya bar gadonsa ya je ya hau dutse ba, amma duk Asabar tana can gindinsa da filasta a jaka.