Baƙuwar Layi na Uku

"Na ce ba zan zauna a kujerar nan yau ba, Wilf! Ka nemi wata!"

Muriel ce ke magana, tana tsaye a bayan mijinta a ɗan ɗakin da mawaƙa ke shiri. Shi kuwa yana gaban madubi yana shafa wa gashinsa mai, ko waiwayowa bai yi ba.

"Rage murya mana, masoyiyata. Kuma sau nawa zan gaya miki, a nan wurin sunana Glen?"

"Glen ɗin banza! Ni Wilfred Ogden na aura, mai tura keken madara a Darwen yana waƙa karnuka na bin sa da haushi."

Ya yi dariyar nan tasa mai kashe jiki. Da ita ya sace zuciyarta tun tana aiki a masaƙa, kuma da ita yanzu yake sace zukatan 'yan matan Ingila gaba ɗaya. A shekarar 1957 babu gidan da za ka shiga ba ka ji muryar Glen Hallam tana fita daga rediyo ba, mai taushi, mai sa tsohuwa ta tuna ƙuruciya.

Sai dai muryar nan ta zo da doka. Manajansa, Mista Pomfret, mutumin Landan mai ƙaton tumbi da sigari a baki, tun ranar farko ya yanke hukunci: mawaƙin 'yan mata ba ya da mata, ba ya da 'ya. Duk yarinyar da ta sayi faifansa dole ta kwanta tana mafarkin ita zai aura.

Shi ya sa aka bar 'yarsu Hazel a Darwen wajen mahaifin Muriel, ita kuma aka ba ta wani aiki mai ɗaci. Kullum a tsakiyar wasa Glen kan sauko daga dandamali, ya zagaya kamar mai nema, ya zaɓi wata baƙuwa a cikin 'yan kallo, ya durƙusa ya yi mata waƙa. Baƙuwar gaske tana iya suma ko ta yage masa riga, don haka kullum Muriel ce baƙuwar, a kujerar gefe ta layi na uku. Yau ta sa hula, gobe ta ɗaura ɗankwali. Ya tambaye ta ko tana da aure, ta sunkuyar da kai ta ce a'a, ɗaki ya kaure da ihu.

Ta jure. Son da take masa ya sa ta jure abin da ko maƙiyiyarta ba za ta yi wa fata ba.

"Wilf, ka manta wane mako ne wannan?" "Makon hutun masaƙu ne! An rufe Darwen kaf, kowa ya zubo Blackpool. Da idona na ga matan layinmu suna bin layin tikiti. Mutanen da suka ci kek ɗin bikinmu fa! Baba ma yana nan, ya zo da Hazel..."

Hannunsa ya tsaya cak a kan gashinsa.

"Hazel tana nan?"

"Tana nan. An yi mata sabuwar riga don ta zo ta ga babanta."

Kafin ya ce wani abu ƙofa ta buɗe, Mista Pomfret ya shigo da hayaƙinsa.

"Yaro, mutanen talabijin sun iso, suna layin gaba. Shiri naka na kanka, kowace Asabar! Ka yi musu wasan baƙuwar nan, shi suka zo gani."

"Ranka ya daɗe," in ji Muriel, "rabin mutanen da ke ɗakin nan sun san ni tun ina goye."

"To sai me? 'Yan masaƙa ne, a ba su waƙa su tafa su tafi cin kifi da dankali." Ya fice abinsa.

Mutumin Landan ke nan. Ina zai san cewa in 'yan Darwen suka zo hutu, da garinsu suke zuwa? Maƙwabci kusa da maƙwabci suke zama, kamar a coci, kuma ba sa mantuwa.

Wilf ya taso ya kama hannuwanta biyu.

"Yau kaɗai, abar ƙaunata. Na rantse miki, yau kaɗai! In na samu shirin nan, ni da kaina zan tsaya gaban duniya in ce ga matata, ga 'yata."

"Haka ka ce lokacin faifan farko."

"Wannan daban ne."

"Haka ka ce lokacin na biyu ma..."

Ya sumbaci goshinta. Ta ji haushin kanta, don ta san ta riga ta yarda.

Wasan rana ne, ɗakin ya cika maƙil. Muriel ta ja hularta ƙasa ta zauna, ba ta yarda ta waiga ba, amma tana jin idanu a ƙeyarta. Can ta ji wata tana raɗa, "Ke, wannan ba Muriel 'yar gidan Threlfall ba ce?" Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

Ya fito cikin farar kwat, 'yan matan da suka zo daga wasu garuruwa suka fasa ihu. Ya yi waƙa, kuma gaskiya a faɗe ta, ranar ya yi waƙa. Har tsofaffin masaƙa suna gyaɗa kai suna cewa ɗan namu ne.

Sai makaɗa suka sassauta. Ya sauko da makirfo a hannu, fitila tana bin sa, ya wuce layi na ɗaya, ya wuce na biyu, ya tsaya a kanta yana dafe ƙirji.

"Kai jama'a! Dama akwai irin wannan kyau a Blackpool? 'Yan mata, yaya sunanki?"

Ba ta kai ga buɗe baki ba, wata 'yar murya ta tsaga ɗakin daga baya.

"Baba! Baba, ga ni nan! Kaka, duba, ga Baba da Mama!"

Hazel ce, ta hau kan kujera da sabuwar rigarta ruwan ƙwai, tana ɗaga hannuwa biyu. Kusa da ita tsoho Threlfall na zaune, hularsa a kan gwiwa.

Muriel ta ɗaga kai ta dubi mijinta. Ta ga gumi yana tsattsafowa ta cikin hodar fuskarsa, ta ga idonsa ya tafi kan yarinyar, sannan ya koma kan mutanen layin gaba. Zuciyarta tana ta roƙonsa. Kalma ɗaya ce, Wilf. Ɗaga mata hannu kawai ma ya isa.

Sai ya yi dariyar nan.

"Ku ji min wata sabuwa! Yanzu har 'yan shekara biyar sun shiga layin masu so na! 'Yar wa ce wannan? A riƙe ta kar ta faɗo!"

Layin gaba suka kwashe da dariya, Mista Pomfret har da buga cinya. Amma daga layi na huɗu zuwa bango babu wanda ko haƙorinsa ya fito. Hazel ta sauke hannuwanta a hankali.

Ya juyo ga Muriel, ya durƙusa kamar kullum, ya kama hannunta, ya miƙa mata makirfo.

"To kyakkyawa, gaya mana... kina da aure?"

Ta dube shi, hawaye na bin kumatunta. Duk da haka ta sake ba shi dama, domin shi so haka yake, ba ya jin magana.

"Kai ka gaya musu," ta ce, muryarta ta fita ta cika ɗakin.

Murmushinsa ya karkace.

"Ni kuma? Ina zan sani... ai yau na fara ganinki."

Tsoho Threlfall ya miƙe. Ya sa hularsa, ya saɓa jikarsa a kafaɗa, ya nufi ƙofa. Matan layinsu na Darwen suka miƙe, mazansu suka bi, sai ƙarar kujeru kake ji suna naɗewa, kwaf, kwaf, layi bayan layi. Babu zagi, babu ihu. Wata tsohuwa ce kaɗai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Allah ya jiƙan uwarka da ba ta ga wannan rana ba, Wilfred."

Muriel ta zare hannunta daga nasa ta bi su. Tana jin makaɗa sun tayar da kiɗa a bayanta, tana kuma jin ya kama waƙar, bai ko yi tuntuɓe ba. Wannan ya fi komai yi mata ciwo.

Da la'asar suna tashar jirgin ƙasa. Baban nata ya fasa hutun da ya shekara yana jira, kuma bai ce mata ai na gaya miki ba. Shayi kawai ya sayo ya miƙa mata.

"Sha, 'yata. Ɗakinki na nan yadda kika bar shi."

Sun shiga jirgi sun zauna, ya kusa tashi sai ga wani mutum yana kutsowa cikin jama'a, ya ja wuyan kwat har kunne, ga baƙin tabarau. Ya tsaya a gindin tagarsu yana haki.

"Muriel..." ya ce ƙasa-ƙasa. "Sun ba ni! Sun ba ni shirin! Sauko mu yi magana, don Allah. Saboda ku nake duk wannan."

"Ban ji ka ba."

"Muriel, ki rufa min asiri..."

"Asirin naka na rufa har ya binne ni." Ta leƙo ta taga. "Wilf, muryarka tana kaiwa ƙarshen ɗakin mutum dubu. Cire tabarau ɗin nan, ka ɗaga ta ka ce Muriel matata ce, Hazel 'yata ce. Ka faɗa sau ɗaya, in sauko yanzun nan, in bi ka duk inda za ka."

Ya buɗe baki. Sai ya waiga. Can gefe wasu 'yan mata uku suna cin alawa, ɗaya ta fara kallonsa tana taɓa ƙawarta.

Ya ƙara jan wuyan kwat ɗinsa sama.

"Ki ba ni zuwa ƙarshen shekara kawai, rabin raina..."

Aka busa usur. Jirgi ya ja, ya yi ta bin tagar da sauri-sauri, amma bai yi gudu ba, kada a lura da shi. Muriel ta zauna ta rufe taga. Har yanzu tana son sa, kuma ta san ba za ta dawo ba.

Hazel ta matso ta kama hannun rigar uwarta, ta kai baki kusa da kunnenta kamar mai tsoron a ji.

"Mama... laifi na yi da na kira shi?"

"A'a, 'yata. Ba ki yi laifin komai ba."

"To in mun koma gida, in yara suka tambaye ni... an yarda in ce ina da baba?"

Tsoho Threlfall ya juya fuskarsa ga taga. Muriel ta rungume 'yarta ƙam, ta fashe da kuka.