Hular Da Ba A Gama Saƙawa Ba

Ranar Asabar da yamma, ƙarfe biyar daidai, Yaya ta shigo gidan ƙaninta da sallama a taƙaice. Ko gyalenta ba ta cire ba ta zauna a kujerar da ke fuskantar talabijin.

"Mai-agogo, kunna mana. Yau so nake mu kalla tare, ni da kai da matarka."

Mai-agogo ya kunna. Mutum ne mai shekara arba'in da ɗaya, siriri, mai ƙarancin magana, wanda idonsa na dama ya ɗan kankance saboda yawan leƙa cikin agogo da gilashi. Matarsa, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyarwa a makarantar firamare, ta kawo ruwa ta durƙusa ta gaida Yaya. Yaya ta amsa tana kallon bango.

Shirin da ake jira wasan kwaikwayo ne mai waƙe-waƙe, sunansa Muryar Bayan Labule. Mako tara ke nan ana nuna shi, ya kuma kama gari kamar zazzaɓi. Labarin wata mata ce mai rubuta wa mawaƙan zamani waƙoƙi. Tana auren wani mai gyaran rediyo, salihi, da ake ce wa Bawan Allah, amma zuciyarta na wajen wani saurayi da ya shiga mota wata safiya bai sake dawowa ba. Duk lokacin da ta tuna shi sai ta tsaya a bakin taga ta rera:

"Ka tafi da safe, ban gama saƙa hularka ba,
Zaren na hannuna, kai kuwa babu kai."

Malama ce ta rubuta wannan waƙar. Wata abokiyar aikinta ce ta ga littafin waƙoƙinta ta kai wa daraktan shirin. Malama ta nemi izinin mijinta, ta miƙa masa littafin da hannu biyu don ya duba. Ya ce ya yarda, ya mayar mata bai buɗe ba. Darakta ya gina labarinsa a kan baitocin yadda ya ga dama, a ƙarshen kowane kashi kuma sai sunanta ya wuce a ƙasan allo.

Da aka zo wajen waƙar, Yaya ta ƙara muryar talabijin har gilashin kabad ya yi rawa. Sannan ta zaro wayarta.

"Saurara ka ji abin da duniya ke faɗi. Wannan ta ce, 'Wallahi wadda ta rubuta waƙar nan ba ƙirƙira ta yi ba, ciwonta ne.' Wannan ya ce, 'Allah ya ba mijinta haƙuri, gangar jiki yake aure.' Ga wata kuma, 'An ce mijin na gaske ma gyare-gyare yake yi!' Mutum ɗari huɗu sun danna mata alamar dariya. Ɗari huɗu, Mai-agogo!"

"Yaya, wasa ne fa."

"Wasa? To tambaye ta. Ke Malama, hular wa kike yi da ba ki gama ba? Ƙanina dai ban taɓa ganin kin yi masa ko ta barci ba."

Malama ta ɗaga kai. Mijinta ta duba, ta daɗe tana dubansa, kamar mai jiran a buɗe mata ƙofa.

"Shi ya sani," in ji ta a hankali.

"Ni?" ya ce. "Ni ina na sani?"

Sai ta sunkuyar da kai, ta ɗauki tiren ruwa ta shige kicin.

Yaya ta tafa hannu. "Ka gani ko? Shekara bakwai da aure, babu ɗa babu jika, sai waƙar wani ƙato! Ni na goya ka bayan rasuwar Inna, ba zan zuba ido ka zama abin dariya ba. Asabar mai zuwa ake nuna kashi na ƙarshe. Kafin nan, ko ta faɗi sunansa a gabana, ko ka ba ta takardarta. In ba haka ba, ƙafata da gidan nan har abada."

Maganar "babu ɗa" ba daidai ba ce, kuma su ukun sun sani. Shekara uku da suka wuce Malama ta haifi ɗa namiji a asibiti. Kwana biyar ya yi a duniya, ko suna bai samu ba. Ranar da suka dawo gida hannu wofi, Mai-agogo ya tsaya a tsakar ɗaki ya ce, "Don girman Allah, kada a sake yi mini zancen nan." Ba a sake ba kuwa. Malama mace ce mai riƙe alkawari fiye da kima. Shi ma ya rufe abin a ransa ya ɗaure, har ya kai yana iya wucewa ta ƙofar asibitin bai juya ba.

Ranar Litinin ya buɗe shagonsa, ɗan ɗaki mai faɗin taku huɗu tsakanin shagon tela da na mai sayar da caja. Agogo goma sha bakwai ke rataye a bango, ya saita su duka suna tafiya tare. Bai gama share teburin ba tela ya leƙo.

"A'a, Bawan Allah! An tashi lafiya? Oga, don Allah ba mu sirrin las episod mana. Gayen zai dawo ne?"

"Ban sani ba."

"Haba! Kana kwana da raita, mai rubutun da kanta, a gida? Fans fa sun rabu biyu, wasu na tim ɗin miji, wasu na tim ɗin saurayi. Ni dai ina bayanka, saboda maƙwabtaka."

Aka kwashe da dariya a shagon caja.

Daga ranar waƙar ta hana shi sakat. Wayar mai wucewa ta yi ƙara, ita ce. 'Yan makaranta su ratsa layin, ita suke yi. Wata budurwa ta kawo agogon hannu a canza mata batir, tana jira tana rerawa a maƙogwaro, da ta gane shi sai ta rufe baki da hannu ta fita ta manta da agogon. Ko da layin ya yi tsit, sai ya ji agogunan bango goma sha bakwai suna bugawa da amon baitin, ka-ta-fi, da-sa-fe, ka-ta-fi, da-sa-fe. Sau biyu ƙaramin noti ya kuɓuce daga hantsakinsa, abin da bai taɓa faruwa da shi ba tun yana ɗan koyo.

Ya soma lissafa samarin da ya san sun nemi Malama kafin shi. Akwai wani malamin lissafi. Akwai ɗan maƙwabtansu da ya tafi ci-rani bai dawo ba. Da safe ya tafi? Wa zai tambaya?

A gida Malama ba ta fasa komai ba. Ta ajiye masa abinci, ta goge masa kaya, ta yi makin littattafan ɗalibai a ƙarshen tebur. Ranar Laraba ya kasa daurewa.

"Ki faɗa mini sunansa kawai. Ba zan yi faɗa ba."

Ta ajiye jan biro. "Ba shi da suna."

"Kada ki raina mini hankali, Malama!"

"Ka taɓa sauraron waƙar daga farko har ƙarshe?"

"Wace irin tambaya ce wannan? Gari duka ita ake yi!"

"Amshi suke yi. Kai fa?"

Ya tashi ya bar mata ɗakin. Ranar Alhamis ya ga ta sauko da akwatinta daga saman kabad ta goge ƙurar, ta jingine shi a bayan ƙofa. Ranar Juma'a da safe Yaya ta kira shi sau uku. Bayan kira na uku ya yagi takarda daga littafin shago, ya rubuta kwanan wata a sama da kyakkyawan rubutunsa, ya tsaya yana kallon sauran farin.

A haka wata tsohuwa ta same shi. Ya san ta sama-sama, nas ce da ta yi ritaya, takan kawo agogon nan na ƙirji da nas-nas ke maƙalawa a riga. Ta ajiye shi a kan tebur.

"Ɗana, ya sake tsayawa. Na san ba ni da bugun zuciyar da zan ƙirga yanzu sai tawa, amma ban iya ganinsa a mace."

Ya buɗe bayan agogon. Daga shagon tela waƙar ta taso. Tsohuwa ta karkata kai tana saurare, sai ta yi tsaki.

"Masu shirin nan sun ɓata waƙa. Jikokina sun zaunar da ni na kalla, suna ta kuka wai saurayi. Wane saurayi? Maza ba su da kunne, yaran yanzu ma haka."

Hannunsa ya tsaya. "Me kike nufi, Baba?"

"Hular babban mutum ɗinka ta ake yi, da allura. Ita cewa ta yi saƙa. Wa ake saƙa wa hula, da zaren ulu?" Ta nuna da tafin hannunta, ta dunƙule shi kamar lemo. "Ɗan kai kamar wannan. Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin haihuwa. Na ga mata da yawa sun shigo da ƙwarashi da zare a jaka, wasu sun fita da hular ba kan da za a sa wa. Wadda ta rubuta wannan uwa ce. Ba ka ji baiti na biyu ba? A shirin ma sau ɗaya suka sa shi, suna ta surutu a kai."

Ta gyara murya, muryar tsufa mai rawa, ta rera ƙasa-ƙasa:

"Bakwai saura huɗu, mai agogo ya duba,
Ya ga lokacin, ya rufe bakinsa da nawa."

Gilashin ya faɗo daga idon Mai-agogo ya gangara ƙarƙashin tebur.

Bakwai saura minti huɗu. Shi ya duba. Likita ya ɗago kai yana neman agogon bango, na ɗakin kuwa ya tsaya, sai shi, uban yaron, ya juya tsintsiyar hannunsa ya faɗi lokacin rasuwar da bakinsa, daidai, kamar yadda ya saba faɗa wa kowa. Aka rubuta a takarda. Ya tuna hasken safiya a kan labulen asibiti. Ya tuna wani abu shuɗi a gefen filon Malama, da ƙwarashi soke a jikinsa.

"Ɗana, lafiya?"

"Baba, ki dawo gobe. Don Allah ki dawo gobe."

Ya dunƙule takardar nan ya jefa a kwandon shara. Ya fita bai kulle shago ba, tela na kiransa Bawan Allah bai ji ba.

Ya tarar da Malama ta dawo daga makaranta, tana zaune a bakin gado, akwatin a buɗe. Ta shirya kayanta a ninke. A saman kayan akwai wata 'yar jakar leda. Ya durƙusa ya ɗauka, ba ta hana shi ba. Hula ce shuɗiya, rabi, ba ta cika tafin hannunsa ba, zaren na nan haɗe da ƙullinsa.

"Shi ne ba shi da suna," ya ce.

Ta gyaɗa kai. Sai hawayen shekara uku suka zo mata gaba ɗaya.

"Ka ce kada in yi maka zancen. Ban yi ba. Amma abin ya cika mini ƙirji, ina koyar da 'ya'yan mutane ina lissafa da yanzu ya fara gudu, da yanzu ya fara magana. Sai na faɗa wa takarda. Na kawo maka littafin, na ce ko za ka buɗe. Da aka sa a talabijin na ce to, yanzu dole ya ji. Gari duka ya ji, kai kaɗai..."

"Ki yafe mini. Ni ma kullum ina ganinsa. Duk safiya in na saita agogunan shago, in hannu ya zo wajen sai in kau da kai. Na zaci in na yi shiru zai bar mu."

"Ni ba na so ya bar mu."

Suka zauna a ƙasa, hular a tsakaninsu, suka yi zancensa har la'asar: yatsunsa, da yadda yake yamutsa goshi kamar mai leƙa agogo.

Ranar Asabar ƙarfe biyar Yaya ta zo, da shirinta.

"To? Sunansa ko takarda?"

Mai-agogo ya ajiye mata hular a cinya. "Ga shi nan, Yaya. Ɗanki ne. Ke kika fara ɗaukarsa."

Yaya ta kalli hular. Ta juya ta, ta sa yatsu biyu a ciki. A talabijin an fara kashi na ƙarshe, saurayi ya sauko daga mota, ihun murna na tashi daga gidajen maƙwabta. Ba wanda ya kalla a ɗakin.

"Ni na sayo zaren nan," in ji Yaya daga ƙarshe. "Na ce shuɗi, don jikina ya ba ni namiji ne. Wayyo ni! Malama, 'yata, na ci zalinki da bakin mutanen waya."

Malama ta matso ta riƙe hannunta. "Ya wuce, Yaya."

Gari ya ci gaba da musu a kan miji da saurayi har wani shirin ya fito aka manta. Tela bai daina cewa Bawan Allah ba, Mai-agogo kuwa ya koma amsawa. Hular tana cikin kabad ɗin gilashi yanzu, inda kowa zai gani. Ba su ƙarasa ta ba.

Haƙurin Malama ya tsare mata aurenta, amma saura ƙiris shirun mijinta ya rushe shi. Wanda ya hana na kusa da shi faɗin ciwonsa, wata rana zai ji labarin a bakin baƙi, a karkace. In naka ya miƙo maka littafinsa, ka buɗe.