Wa Zai Koya Min Nutso?

"Wallahi in kika taka makarantar yaron nan, ki manta da maganar aure!"

Baba ne ya faɗi haka, ya dire kofin shayinsa har ya fallatsa kan takardun da na shimfiɗa a tebur.

"Baba, ban fa ce na zaɓa ba... dubawa kawai nake yi."

"Duba me? Ubanki shekara talatin yana koyar da nutso a nan garin Dahab, ke kuma kin kwaso min takardun tallan makarantun nutso kamar baƙuwar da ta sauka jiya!"

Daga kicin Mama ta ɗaga murya. "Shekara talatin kana koya wa 'ya'yan Jamus da Rasha, taka 'yar kuwa ko sau ɗaya..."

"Su'ad, ki kula da miyar mulukiyyarki kar ta ƙone."

Sunana Nahla, ni kaɗai Kyaftin Sabri ya haifa. Ni nake zama a teburin makarantarsa, ni nake rubuta sunan duk wanda ya zo koyo, na san nauyin tukunyar iska fiye da na jakata. Amma abin kunya, iyo kawai na iya, ban taɓa shaƙar iska ko sau ɗaya a ƙarƙashin ruwa ba. Kullum Baba cewa yake Mama ce ke tsoro. To ga shi na gama jami'a, masu kula da murjanin tekunmu sun ce za su ɗauke ni aiki, da sharaɗin in kawo katin shaidar nutso kafin wata ya ƙare.

Yaron da Baba ke nufi kuwa Ramzi ne. Shekara shida yana ƙarƙashin Baba, a hannunsa ya koyi komai, a gidanmu yake cin abincin rana, a nan kuma ya sace min zuciya ban sani ba. Bara ya koma wata babbar makaranta a unguwar Mashraba, tun daga ranar Baba ya raɗa masa suna mai sayar da kati. Sau uku mahaifinsa yana tasowa tun daga garin Isma'iliyya don a karanta mana Fatihar baiko, sau uku Baba na shayar da shi shayi ya ce a ba shi lokaci.

Na tattara takarduna na ce, "To shi ke nan, kai za ka koya min. Yaushe za mu fara?"

Ya kau da kai. "Sai iska ta kwanta."

Haushi ya kama ni. Wa ya taɓa ganin iskar Dahab ta kwanta?

Da la'asar na samu Ramzi yana wanke rigunan roba a bayan makarantarsu. Yana ganina ya washe baki.

"Hasken idona! Wa ya taɓa min ke?"

"Kai da Baba. Zauna, tambayoyi zan yi maka, kuma ba wasa."

"To ranki ya daɗe."

"Kwana nawa ne kwas ɗinku?"

"Uku. Karatun a waya za ki yi shi a gida."

"Na Baba shida. Ɗalibai nawa a hannun malami ɗaya?"

"Huɗu."

"Na Baba biyu."

"Na Baba, na Baba! Katin fa iri ɗaya ne, Nahla. Zurfin mita goma sha takwas ne a nan, mita goma sha takwas ne a can, ko ina a duniya za a karɓe shi."

"Ni ba katin kaɗai nake so ba. So nake in iya."

Ya ajiye rigar ya dube ni, wasan ya bar fuskarsa. "Kin yarda ki ba ni rayuwarki gaba ɗaya, amma kwana uku kina tsoro?"

Idona ya ciko. "In na zo wurinka Baba ya ce babu aure. In na zauna jiran Baba aikin ya wuce ni, kai kuma ka ce ban yarda da kai ba. Ya kuke so in yi da raina?"

Ya sassauta murya. "Ki zo gobe da safe. Ba rajista, ba komai, gwaji kawai a ruwan da bai wuce ƙirji ba. In bai miki ba, wallahi ba zan ƙara magana ba."

Na je. Ban gaya wa kowa ba sai Mama, ita ma cewa kawai ta yi in ci wani abu kafin in fita.

Ramzi ya ɗaura min tukunyar, ya duba kowace igiya sau biyu, ya sake dubawa har na fara tsokanarsa. Muka durƙusa a kan yashi, ruwa ya rufe kanmu. Na ja numfashin farko ta robar bakina... Ya Allah! Iska ta zo, sanyi ƙalau. Wani ɗan kifi mai ratsin rawaya ya zo ya leƙa ni ya wuce abinsa. Daɗi ya kusa kashe ni.

Sai aka zo darasin da kowa ke tsoro. Ka ɗaga gilashin fuskarka ruwa ya shiga, ka hura da hanci ya fita. Na ɗaga, ruwan ya shiga, ni kuwa maimakon in hura sai na shaƙa. Tari ya sarƙe ni.

Kafin in yi wani tunani na ji an fizgo ni sama kamar kazar da ta faɗa rijiya.

"Nahla! Nahla, kina lafiya? Dube ni!"

"Haba Ramzi! Ina shirin gyarawa ka fizge ni!"

"Yi haƙuri... mu sake."

Muka sake, ya sake fizgo ni. Na uku ma ko tarin ban fara ba, ido kawai na runtse, sai ga ni a sama. Na buɗe baki zan zazzaga masa masifa, sai na ga leɓɓansa sun yi fari. Mutumin da ya koyar da ɗaruruwa!

"Cire tukunyar," ya ce a hankali. "Wurin Kyaftin za mu."

"Ka haukace? Korar ka zai yi!"

"To ya kore ni ɗin."

Haka muka ratsa bakin teku, gashinsa na ɗiga. Na riga na sallama, na ce yau kam aurena ya tashi.

Baba na zaune yana gyaran wani bututu. Ya ɗago ya ga rigar robar da ke jikina, fuskarsa ta canza.

"Ashe kin zaɓa."

"Ba ta zaɓa ba, Kyaftin," in ji Ramzi. "Ni na ja ta. Kuma ga ta na kawo maka."

"Ta gagari mai sayar da kati ke nan?"

"Ni na gaza, ba ita ba." Ramzi ya matso kusa da shi. "Ka tuna abin da ka koya mana? Ka ce in ɗalibi ya sarƙe a ruwan da bai da zurfi, ka sa hannunka kusa da shi amma kar ka taɓa shi sai ka ƙirga biyar. Ka ce wanda aka saba cetowa ba zai taɓa iya ceton kansa ba."

"Na faɗa."

"Ko ɗaya ban kai ba, Kyaftin. Sau uku. In na ba ta kati a haka, ranar da ta sarƙe a can ƙasa ba na kusa, ni na kashe ta. Ka koya mata... ko da ba za ka ba ni ita ba. Babu malamin da ya kai ka a garin nan, na sani tun ranar da na tafi."

Hawaye suka zubo min. Na dubi Baba ina jiran tsawa.

Tsawar ba ta zo ba. Ya juya bututun a hannunsa, ya sake juyawa.

"Kai har ka yi niyyar ƙirgawa," ya ce da wata murya da ban san shi da ita ba. "Ni ko tunawa ban yi ba."

"Baba...?"

"Shekararki tara. Ba za ki tuna ba, gilashi kawai na sa miki, a nan gaban ƙofa. Kika sha ruwa, kika dube ni da idanun nan naki... na sunkuce ki na ruga gida a guje kamar an biyo ni. Tun ranar na san ba zan iya ba. Sai na ɗora wa uwarki."

"Shekara goma sha biyar ina ɗauke da laifin da ba nawa ba!" Mama ce a bakin ƙofa, da tiren shayi a hannu. Ban san lokacin da ta iso ba.

Dariya ta ƙwace min cikin kuka. Wani nauyi ya sauka daga ƙirjina, ashe ba raina ni ya yi ba, ba kuma ƙin Ramzi kaɗai ne ya sa yake ta jan ƙafa ba.

"To ni yanzu wa zai koya min?" na tambaya. "Manyan malamai biyu, duk matsorata!"

Suka dubi juna, karo na farko cikin shekara guda. Ramzi ya sosa ƙeya.

"Akwai Kyaftin Jihan..."

Baba ya yamutsa fuska. "Matar nan 'yar Iskandariyya? Ba ta da tausayi ko na sisin kwabo. Ta taɓa mayar da wani babban likita darasin farko sau huɗu."

"Kwana biyar take yi. Ɗalibai biyu, ba ta ƙarawa."

"Kayanta fa?"

"Na gani da idona, Kyaftin. Tsaf suke."

Baba ya ja dogon numfashi. "Wurinta za ki je."

Maganar aure kuwa ko kusa bai taɓo ta ba, ni ma ban yi gigin tambaya ba.

Kyaftin Jihan gajeriya ce, ta haura hamsin, muryarta ta fi jikinta. Ta sa na cike takardar lafiya layi-layi, ta sa na yi iyo mita ɗari biyu tana tsaye da agogo. Da na ce mata ni 'yar Kyaftin Sabri ce, cewa ta yi, "Teku bai san ubanki ba, 'yata. Ɗauki tukunyarki."

Rana ta biyu muka kai darasin gilashin, kuma ita cire shi gaba ɗaya take sawa a yi. Tun da safe ta hango Baba da Ramzi sun zo, kowa ya zauna a nasa dutsen nesa da ɗan'uwansa. Ta nuna su da yatsa.

"Duk wanda ya taɓa ruwan nan a cikinku, na fasa!"

Muka durƙusa. Na cire gilashin, gishiri ya shiga idona, ruwa ya bi hancina. Tarin ya zo, tsoro ya zo tare da shi, zuciyata na cewa ki miƙe, ki miƙe! Na ɗan buɗe ido, dishi-dishi na ga Jihan a gabana, hannunta dab da kafaɗata, ba ta taɓa ni ba.

Na yi tarin cikin robar. Iska ta sake zuwa. Na ƙara ja a hankali, na mayar da gilashin, na ɗaga kai na hura da hanci. Ruwan ya fita tas, duniya ta washe. Jihan ta miƙo hannu ta gaisa da ni a ƙarƙashin ruwa, ni kuwa ji nake kamar in rungume ta.

Maimakon mu fito, sai ta sa na maimaita har sau uku, sannan ta zagaya da ni gefen murjani. Ashe mun daɗe.

Da muka ɗago, ban ga kowa a kan duwatsun ba. Na waiga... ga su nan cikin ruwa har kugu! Baba da jallabiyarsa, Ramzi da wandonsa na fita, Baba ya damƙe damtsen Ramzi, Ramzi ya damƙe nasa.

"Me na ce muku?" Jihan ta daka tsawa.

"Shi na shigo in riƙe!" in ji Baba.

"Wallahi Kyaftin ne ya fara shiga!"

Na tofar da robar bakina. "Baba! Na iya! Ni kaɗai na gyara!"

Baba ya dube ni. Ya saki Ramzi ya share fuskarsa da hannun riga, wai ruwan gishiri ne ya shiga masa ido. Sannan ya juya wajen Ramzi.

"Kai, mai sayar da kati."

"Na'am, Kyaftin."

"Kira babanka. Ka ce ya zo ranar Juma'a, ya taho da mahaifiyarka, a karanta Fatihar nan kowa ya huta."

Ramzi ya daskare. Ya lalubi aljihunsa da sauri, ya zaro wayarsa tana ɗigar ruwa. Baba ya zaro tasa, ita ma haka.

Na fashe da kuka da dariya lokaci guda, tukunya a bayana. Daga bakin gaɓa muka ji muryar Mama, ta ɗaga tata wayar sama.

"Ku fito ku bushe, na riga na kira su!"

Ta rangaɗa guɗa, duk masu shan shayin bakin teku suka juyo. Baba ya kamo hannuna na dama, ya yi wa Ramzi alama da kai ya kama na hagu, suka fito da ni.