Taliyar da Hedimasta Ok Ya Rantse Ba Zai Ci Ba

A layin karɓar taliya suka fara ganin juna, ranar bikin wata ƙawar Sora a birnin Busan. Tana tsaye da kwano a hannu sai ga gwaggonta ta ratso mutane ta dafa mata kafaɗa.

"To, 'yar Hedimasta, ta wasu muke ta ci. Ke yaushe za ki ba mu taki taliyar?"

A wurinmu ba a tambayar budurwa yaushe za ta yi aure. Taliya ake tambaya, domin ita ake ci ranar biki, tsawonta kuma fatan doguwar zama ne. Sora ta ji wannan tambaya har ta ishe ta.

"Gwaggo, in yunwa ce ke damunki ga tawa ki ƙara. Aure ba kantin abinci ba ne."

Wani ya tuntsire da dariya a bayanta. Ta juyo a fusace, sai ta ga dogon saurayi yana ƙoƙarin rufe baki da bayan hannu, romo na neman zubo masa a riga.

"Me ya ba ka dariya?"

"Yi haƙuri. Tun safe ake min tambayar nan ban samu amsa ba, sai yanzu. Ki ara min taki."

Sunansa Bang Taeo, injiniya ne a tashar jiragen ruwa. Ita kuwa Ok Sora malamar tarihi ce a makarantar sakandare, wadda ɗalibai suka sani da rashin barin ko ta kwana. Kafin a tashi daga bikin ya riga ya raɗa mata suna Barkono, kafin kuma ta isa gida saƙonsa ya shigo:

"Barkono, na gwada amsarki a kan kawuna. Ya ce ba ni da tarbiyya. Ke kika ja min, sai ki biya ni da kofin shayi."

Ta amsa: "Yaya, wanda ya ari wuƙa ya yanke kansa ba ya kai ƙarar maƙeri. Asabar, bakin teku."

Daga wannan Asabar ba su ƙara rabuwa ba. Ita ce mai faɗa, shi ne mai saurare, in ta gama ya miƙo mata gasasshen dankali mai zafi ya ce ta ci ta huce. Shekara ta zagayo, ta kai maganarsa gida.

Nan aka yi ta. Mahaifinta, Hedimasta Ok, ya daɗe da yin ritaya amma har gobe da muryar taron ɗalibai yake magana. Ya tambayi aikin yaron, ya gyaɗa kai. Ya tambayi makarantar da ya yi, ya gyaɗa kai. Da ya tambayi iyayensa Sora ta ce sun rabu tun Taeo yana ƙarami, uwarsa ce ta raine shi ita kaɗai, sai ya ajiye tsinken cin abinci.

"Tukunyar da ta tsage a gida, ko an fita da ita waje yoyo take yi."

"Baba, shi ya raba su? Yana firamare fa!"

"Ga ɗan abokina likitan haƙori, gidansu cikakke, yana ta aiko gaisuwa."

"To ya auri gaisuwar."

Abin da ke ƙona rai shi ne ba Hedimasta kaɗai ba ne. Garin nan cike yake da iyayen da suka yi boko har suka koyar da shi, amma in an zo zancen aure sai su koma auna yaro da laifin da bai san lokacin da aka yi ba, kowa kuma ya yi shiru wai haka aka saba. Sora ba ta iya wannan shirun ba. Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta daina cin abinci a gida, har mahaifiyarta ta shiga tsakani. Daga ƙarshe tsohon ya yarda a yi zaman gabatar da iyaye, amma ya ɗaga yatsa.

"Zan je in zauna in gan su. Gani kawai. Amma ku ji da kyau, ba zan ci taliyar kowa ba."

Zama ɗaya ke nan suka samu, in ya lalace babu na biyu. Saboda haka Sora ta ƙudurta sai a gidan abincin Nam za a yi shi, wanda ke saman bene a unguwar Haeundae yana kallon teku. Nam Jiwon mace ce da ta ɗauki girkin kakanninmu ta sake masa fasali, har mutane ke tasowa daga Seoul don su ci. Ba a zaɓen abinci a wurin, abin da ta tsara shi ake kawowa bi da bi. Samun teburi kuwa sai mai rabo, domin ranar farko ta wata ake buɗe rajista, kafin ka ƙifta ido an cinye.

Ranar ta shiga ɗakin malamai ta kulle kanta da waya a hannu. Da ta ga an ba ta ɗakin keɓe sai da ta yi ƙara har mai shara ta leƙo. Da dare ta kira Taeo.

"Yaya, na samu! Ɗakin da ke kallon ruwa. Na gaya musu Mama ba ta cin jatan lande, Baba kuma haƙoransa ba sa son abu mai tauri. Ummanka fa, me ba ta ci?"

"Umma tana cin komai banda raini. Sannu Barkonona. Yanzu ki yi barci."

Ina barci! Ta sake kiran wurin a kan kujerar da mahaifinta zai zauna, kada ta ba ƙofa baya. Ta je ta duba ko akwai lifta saboda gwiwarsa. Ta zaɓa wa Taeo riga ta fasa, ta sake zaɓa. Tana cikin duba hotunan da masu cin abinci suka ɗora ne ta ga matsala. A ƙarshen kowane zama, hoto iri ɗaya: ƙaramin farin kwano, siririyar taliya a naɗe cikin romo garai-garai, da yankakken ƙwai a sama. Taliyar biki. Da ita Nam ke rufe cin abincinta, da ita ma ta yi suna.

Sora ta dafe kai. Ta san ubanta. In aka ajiye masa wannan kwano a gaban uwar Taeo, zai ce tarko aka ɗana masa, an ɗaura aure a bakinsa ba da yardarsa ba. Tashi zai yi ya fita.

Ta buga waya. Wata murya mai ladabi ta ce ana sauya abinci saboda lafiya, amma kwanon ƙarshe ba a taɓa shi. Ta nemi wani gidan abincin, duk masu kyau sun cika. Ta kira Taeo tana magana kamar ana korarta.

"Bar min wannan," ya ce.

"Me za ka yi?"

"Ki bar min kawai."

Daga nan ya fara ƙarancin magana. In ta kira bayan tashi daga aiki sai ya ce yana hanya, zai kira. Rannan likitan haƙorin ya zo gaishe da Hedimasta da kwandon tuffa, ya tare ta a ƙofa yana murmushin da bai kai zuci ba.

"Na ga mutumin naki jiya a Haeundae, a bayan wani bene, shi da wata mai gajeren gashi. Rusuna mata yake ta yi. Na ce bari in faɗa miki, kin san an ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe..."

"Ka je ka duba bakin wani," ta ce, ta rufe ƙofa.

Amma maganar ta zauna mata. Da suka haɗu wayarsa ta haska a kan teburi, ta ga rubutu: "Gobe ma ka zo bayan an rufe na rana. Jiwon." Ta miƙe tsaye.

"Wace ce Jiwon? Ni ina nan ina faɗa da ubana a kanka, kai kana bayan bene?"

Taeo ya kalle ta, ya kalli wayar, dariya ta so kama shi ya danne.

"Barkono, a gidan wa kika kama mana teburi?"

Sai a lokacin ta tuna sunan mai gidan abincin, Nam Jiwon.

Ashe kullum sai ya je ƙofar baya ta kicin ya jira matar ta fito shan iska. Da farko ta ce ko shugaban ƙasa ne sai ya ci taliyarta. Ya koma. Ta ce ya daina tare mata hanya. Ya koma. Da ta gaji ta ce ya faɗi dalili, ya faɗa, ta ce ya dawo su gwada abin da za a sa a madadinta. Sun tsaya a kan kunun shinkafa da kifi.

Kunya ta kama Sora, amma ba ta hana ta magana ba.

"To don me ma za mu ɓoye? Sai mu yi ta lallaɓa ra'ayin da ba shi da tushe? A kawo taliyar, in ya so ya fashe!"

"Ra'ayinsa ba daidai ba ne, na sani, ni ya fi yi wa ciwo. Amma ban son in same ki ta hanyar wayo. Ya ce a'a da bakinsa, ina so ya ce e da bakinsa."

Ta zauna. Can ta ce a hankali, "Yi haƙuri, Yaya."

"Maimaita, ban taɓa ji ba."

Ranar zaman, rana na shirin faɗawa teku suka hallara. Uwar Taeo ta riga kowa zuwa, 'yar siririya cikin shuɗin kaya, ita kaɗai a ɓangarenta sai ɗanta. Taeo ya rusuna har ƙasa.

"Barka da zuwa, Baba."

"Wa ya ce maka ni babanka ne?"

Haka aka fara. Aka kawo ɗanyen kifi yanka uku a kan dutse mai sanyi, Hedimasta ya leƙa ya ce ko sauran ya faɗi a hanya ne. Matarsa ta taka masa ƙafa. Aka kawo naman haƙarƙari da ya dahu har yana rabuwa da cokali, ya ci bai ce komai ba, wanda a wurinsa yabo ne. Sora ba ta ji ɗanɗanon komai ba, idonta na kan ƙofa.

Sai tsohon ya dubi uwar Taeo.

"Mahaifin yaron ba zai samu zuwa ba ke nan."

"Baba!" Sora ta yunƙura.

Matar ta ɗaga mata hannu, ta zuba wa Hedimasta shayi da hannu biyu.

"Ba zai zo ba, Hedimasta. Ni na bar gidan, ban kuma yi nadama ba. In akwai tsaga a tukunyar, a jikina take, ga ni a gabanka. Shi kuwa ka dube shi da idonka, kai da ka yi shekaru kana duban 'ya'yan mutane."

Sora ta sunkuyar da kai, domin ita ta kai musu maganar tukunyar.

A daidai nan mai hidima ta turo ƙofa da kwanon ƙarshe. Kunun shinkafa. Amma kafin ƙofar ta rufe, wata ma'aikaciya ta wuce da faranti cike da fararen kwanoni zuwa ɗakin gaba, taliya na tururi. Hedimasta ya bi ta da ido, ya dubi nasa kwanon.

"Tsaya, 'yata. Me ya sa namu ya bambanta?"

Mai hidimar ta saci kallon Taeo. "Wannan bawan Allah ne ya roƙa. Ba mu taɓa yi wa kowa ba."

"Kai. Don me?"

Taeo ya miƙe tsaye, hannuwansa a gefe kamar ɗalibi.

"An gaya min ka ce ba za ka ci taliyar kowa ba. Ban so a ajiye maka abin da ba ka yarda da shi ba, a gaban mutane, inda ƙin ci zai zama abin kunya. In ba ka ba ni Sora yau ba, zan jira. Amma ba zan yi maka dabara ba."

Tsohon ya daɗe yana juya cokali a cikin kunun. Ya dubi 'yarsa da idonta ya cika da hawaye, ya dubi matar da ke zaune ita kaɗai bayanta a miƙe. Ya yi gyaran murya irin ta taron safe.

"Wato na sa kwat, na hau bene da wannan gwiwar, don in sha kunu kamar wanda aka kwantar a asibiti?" Ya ture kwanon. "Ku gaya wa mai gidan nan a kawo taliya. Kowa da kowa."

Nam Jiwon da kanta ta shigo da farantin, ta ajiye tana hararar Taeo cikin wasa. Hedimasta ya ɗaga taliyar da tsinke, bai yanke ko zare ɗaya ba, ya zuƙe ta da ƙara har ƙarshe. Ya goge baki.

"Suruka, ci mana, kada ta huce. Kai kuma zauna, ka tsaya min a ka kamar an kira ka ofis."

"To, Hedimasta."

"Hedimastan wa? Ɗazu me ka ce?"

Da furannin bazara suka buɗe aka yi bikin. Gwaggo ta ci kwano biyu tana cewa ita ta fara tambaya. Iyayen uku suka zauna a jere, ango da amarya suka rusuna musu, Hedimasta ya ce zamansu ya yi tsawo kamar abin da ke cikin kwanon, kada kuma a sami mai yanke shi, ko da shi ne. Sora ta buɗe baki za ta ƙara wani abu, Taeo ya miƙa mata tsinke.

"Ci tukuna, Barkono."