Sitiyarin Jirgin 'Yan Asabar

Da safiyar Lahadi aka tsinci jirgin a kan duwatsun da ke bakin tafki a garin Mwanza, cikinsa ya tsage gida biyu. Tsohon kwalekwale ne mai tafiya da iska, wanda kulob ɗin masu jiragen ruwa ya ware wa 'yan Asabar, wato masu ƙaramin ƙarfi da ke zuwa ranar Asabar su kankare jiragen manya su shafa musu fenti, a bar su su koyi tuƙi da yamma kyauta.

Sufeto Kabula ta tarar da ana cacar baki a bakin ruwa. Ba ta kula kowa ba. Ta duba igiyar ɗaure jirgin, ta ga ba yanka ta aka yi ba, kwance ta aka yi. Ta taka duwatsun ta leƙa bayan jirgin. Katakon juya shi, wanda suke kira sitiyari, ba ya nan, kuma ƙarafan da ke riƙe shi ba su ko lanƙwashe ba.

Shugaban kulob, dattijon da ake kira Mzee Rasiklal, ya tare ta da sandarsa.

"Wane bincike kuma? Mai sayar da kifin can ce ta ɗaure shi jiya. Mun buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa, ga sakamakon. Yau za mu soke tsarin."

"Ka ji daɗi ke nan, Baba?"

"Ƙwarai. Amma ba ni na yi ba. Ina gidan bikin jikata, rabin garin nan ya gan ni."

Ta buga waya, aka tabbatar mata.

Mai sayar da kifin, Nyanjige, tana tsaye riƙe da ƙugu, idonta jawur.

"Ke kika sauka daga jirgin a ƙarshe?"

"Ni ce. Na ɗaure shi tamau. Ni da nake ɗaure buhun kifi tun ina yarinya, igiyar jirgi ce za ta gagare ni?"

"Sitiyarin fa?"

"A jikinsa na bar shi. Ba a cire shi, sai an sa sifana."

Kabula ta sa aka buɗe ɗakin ajiyar kaya. Can ƙurya, bayan tulin ƙyallayen da iska ke tura jirage da su, ta sami sitiyarin a jingine, a bushe, an lulluɓe shi da buhu. Katako ne mai kyau, an goge shi sumul. Ta tambayi masu makullin ɗakin, aka ce cikakkun mambobi kaɗai.

"Wa ya sassaƙa wannan?"

"Mabula," in ji wani.

Mabula na zaune a barandar mambobi da farar riga, yana shan shayi. Shi ne ɗan Asabar na farko da ya zama cikakken mamba, kuma a da kafinta ne.

"Aikinka yana da kyau," in ji Kabula, ta ajiye katakon a kan teburinsa.

"Tsohon aiki ne. Na daina."

"Yaushe ka cire shi daga jirgin?"

"Ni? Me zai kai ni jirgin leburori?"

"Jiya ka zo nan?"

"Kullum ina nan. Mamba ne ni, ko sai na nuna miki kati?"

"Ajiye katinka." Ta ja kujera ta zauna. "Da sakaci ne, da sitiyarin nan yana kan duwatsu a farfashe. Wani ya kwance shi da sifana, ya kai shi ɗakin da Nyanjige ba ta da makullinsa, sannan ya saki jirgin. Ɓarawo zai tafi da shi. Mai ƙin 'yan Asabar kawai zai bar shi ya karye tare da jirgin. Mutum ɗaya ne zai iya hallaka jirgin amma ya kasa hallaka wannan katakon, har ya rufa masa buhu."

Mabula ya ajiye kofinsa. 

Nyanjige ta hauro barandar da ba a yarda irinta su hau ba.

"Kai, Mabula? Kai da ka koya mini riƙe igiya? Allah ya isa!"

"Rufe mini baki!" Ya miƙe, kujera ta faɗi. "Shekaru na yi ina kankare gansakuka a gindin jiragen mutanen nan kafin su bar ni in zauna a nan. Sai ku kwaso warin kifi ku zo kuna ƙwala mini kira, yayanmu, yayanmu, a gaban kowa! Muddin kuna zuwa, ni ɗan Asabar ne har in mutu."

"Shi ya sa ka bari a ɗora mini?"

"Ke kasuwa za ki koma. Ni ina zan koma?"

Kabula ta yi wa wani ɗan sanda da ya zo tare da ita alama. Ya riƙe hannun Mabula. Sun kai bakin matakala sai muryar Mzee Rasiklal ta biyo su, yana magana da sauran mambobin, ko rage murya bai yi ba.

"Me na gaya muku? Ai ɗaya daga cikinsu ne dai."

Mabula ya tsaya cak. Ya juya ya dubi mutanen barandar ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda ya ɗago kai daga kofinsa.

"Mu je," in ji Kabula a hankali.

Wannan karon bai yi gardama ba.