Ruwan Zafi a Gidan Mai Narka Ƙarfe

Rufaida ta gaji da binciken digirin nan. Tun safe take zagaya gidan shan iska da wani attajiri ɗan Chana, mai masana'antar narka ƙarfe, ya gina a bayan unguwar Titiwangsa, a can ƙasar wajen da take karatu. Ya rasu tun zamanin Turawa, gidan ya zama kango.

Da magariba ta buɗe filas, ta watsar da ragowar ruwan zafi a gindin matakala. Don gajiya, ko bismilla ba ta yi ba.

Sai warin gawayi ya taso. Ga wani tsoho ɗan Chana tsaye a gabanta, kafaɗarsa a jiƙe, tana tururi.

"Yarinya," ya ce da Hausa tsantsa, muryarsa a gajiye, "duk rayuwata a bakin wuta na yi ta, ban taɓa ƙonewa ba sai yau a hannunki."